Na hana Samira ganin fuskarsa, sai babi na 14 ya tashi

'Yan'uwa marubuta, jiya da ƙarfe biyun dare babi na 14 na littafin da nake rubutawa ya tashi da ƙafarsa. Wata biyu da rabi ina fama da shi, har na fara tunanin ajiye littafin gaba ɗaya. Yau kuwa farin ciki ya hana ni zama wuri ɗaya, shi ya sa na zo tun abin yana da ɗuminsa.

Tuni ga wanda ya manta: Samira, jarumar littafin, in ta taɓa tsohon abu sai ta ga abin da ya sami mai shi. Ita da Nabil sun taɓa son juna a wata rayuwa, aka kashe ta a daren da suka shirya guduwa. Na san aƙidarmu ba ta yarda rai yana dawowa cikin wani jiki ba, ni ma ban yarda ba. A wurina kayan ƙirƙira ne, kamar yadda ake sa dabba ta yi magana a tatsuniya.

Ɓarnar a babi na 9 na yi ta. Samira ta ɗauki tsohon zobe, ni kuma don son burge mai karatu sai na buɗe mata komai: ɗakin, wuƙar, da fuskar wanda ya soke ta. Babin ya yi daɗi, ban musa ba. Amma daga nan labarin ya kwanta. Ƙawata da ke duba mini rubutu ta karanta har babi na 13, ta maido mini da tambaya ɗaya tak a gefen shafi: "Tunda ta san shi, me take jira?" Na kwana uku ina jin haushinta, alhali gaskiya ta faɗa.

Babu dabarar da ban gwada ba. Na sa Samira ta suma ta farka ta manta, sai na ga yaudarar mai karatu ce, domin shi ai bai manta ba. Na sa kowa ya ƙaryata ta, sai ta koma mai maimaita magana ɗaya har babi huɗu, ni kaina na gaji da ita. Ga kuma ciwo na biyu da ban lura da shi da wuri ba: tunda an riga an ce Nabil nata ne tun daga wancan zamani, zuciyar wa za ta buga don tsoron su rabu? Soyayyar da ba ta cikin haɗari ba ta riƙe mai karatu. A ƙarshe shafi 41 na zubar, kalmomi kusan 11,000, har da hirarsu a kan gada wadda nake ji da ita fiye da komai a littafin. Wannan ta yi mini ciwo sosai.

Mafitar ta zo ne daga inda ban zata ba. Ina neman yadda zan siffanta ƙuruciyar Samira sai na koma kan aikin Ian Stevenson, likitan ƙwaƙwalwa na Jami'ar Virginia a Amurka, wanda ya shafe kusan shekara 40 yana tattara labarin yaran da ke cewa sun taɓa rayuwa. Littafinsa na 1966 ya kawo labarai 20 daga Indiya, Sri Lanka, Brazil, Lebanon da Alaska. Yawancin masana kimiyya ba su gamsu da shi ba, ni ma ba hujja na je nema ba. Abin da ya kama ni shi ne siffar labaran. Yaran kan fara maganar tsakanin shekara 2 zuwa 4, ta dushe tsakanin 5 zuwa 8. Ba sa kawo labari a jere, gutsi-gutsi yake zuwa. Wanda ya ce nutsewa ya yi sai a same shi da tsoron ruwa. A 1997 ma ya fitar da wani babban aiki kan tabon da ake haihuwar wasunsu da shi, a daidai inda suka ce an ji musu rauni.

Nan na ajiye littafin Stevenson na tambayi kaina: macen da aka soka ta faɗi ƙasa, me idonta zai gani? Ba fuska ba. Ƙafafu za ta gani, da gefen riga, da fitila da ta kife tana ci a kan shimfiɗa. Sai hannu guda a kan ƙirjinta, jina-jina, da tabon ƙuna a wuyan hannun.

Abin da na bar wa Samira ke nan a sabon babi na 9, hannu kawai. A babi na 14 kuwa Nabil ya naɗe hannun rigarsa zai zuba mata ruwa, sai ga tabon a wuyan hannunsa, shi kuma ya ce da shi aka haife shi. Ta riƙe kofin har ruwan ya cika ya zubo mata a yatsu ba ta ce uffan ba. Shin hannun da ya soke ta ne, ko hannun da ya danne raunin don jinin ya tsaya? Ita ba ta sani ba, mai karatu bai sani ba, kuma duk sanda Nabil ya matso kusa da ita sai so da tsoro su taso tare. Ina rubuta wurin hannuna yana rawa. Ban taɓa alfahari da shafi kamar wannan ba.

Na kuma ɗora wa baiwar ganin da Samira ke da ita kuɗin fansa: duk gani ɗaya yana cinye mata wani abu na rayuwarta ta yanzu. Na farko da ta rasa shi ne ranar da suka fara haɗuwa da Nabil. Yana ba ta labarin, tana murmushi, amma fayau babu komai a kanta. Yanzu in za ta sake taɓa zoben sai ta yi shawara da zuciyarta, ni ma na huta da neman dalilin da zai hana ta dubawa kullum.

Tsarin da na zana na babi 24 ya riga ya wargaje, ban ma san inda kashi na biyu ya ƙare ba. Abin da ya tsaya mini yanzu babi na 17 ne. Alfred Hitchcock, shahararren mai shirya fina-finai, ya yi misali da bam a ƙarƙashin tebur: in ya tashi ba zato, razanar 'yan daƙiƙu ce, in kuwa mai kallo ya san yana nan, sai ya zauna cikin zullumi har ƙarshen hirar. To in nuna wa mai karatu wanda ya soke ta tun a 17, in bar Samira ita kaɗai cikin duhu, ko in riƙe su tare har ƙarshe? Na rubuta shi ta hanya biyun, kowanne shafi shida. Wanda ya taɓa cin karo da irin wannan ya faɗa mini wacce ya bi, da abin da ta jawo masa a babin ƙarshe.