Jinyar mai gigin tsufa sana'a ce da ake koyo

Shekara tara ke nan ina tura masu jinya gidajen mutane a nan Kaduna, daga Unguwar Rimi zuwa Malali da Tudun Wada. Mata sun fi yawa a cikinmu, amma akwai maza uku saboda dattawan da ba za su yarda mace ta yi musu wanka ba, kuma da gaskiyarsu. Masu shanyewar ɓarin jiki muke kula da su, da waɗanda suka daɗe a kwance, da masu gigin tsufa, abin da likitoci ke kira cutar mantuwa.

A kan kakata na fara koyon aikin nan. Da la'asar ta yi sakaliya sai ta ƙulle kayanta a ɗankwali ta nufi ƙofa, ta ce Malam yana jiranta, alhali Malam ya rasu tun ina firamare. Mu kuma mu ce, "Inna, ai Malam ya rasu." Sai ta fashe da kuka kamar yanzu aka kawo mata labarin. Kullum muna sabunta mata mutuwar mijinta ba mu sani ba. Wata tsohuwar nas maƙwabciyarmu ce ta shigo wata rana, ta karɓi ƙullin a hannunta a hankali, ta ce, "Inna, bari a yi magariba tukuna, zo ki taya ni tsintar shinkafar nan." Inna ta zauna da faifai a cinya har aka kira salla, ta manta da tafiyar.

Abin da nake fara koya wa duk wadda na ɗauka ke nan: ba a gardama da mai wannan ciwo. Ki durƙusa idonki ya yi daidai da nasa, ki kira shi da sunan da ya saba, magana ɗaya a lokaci ɗaya. Ba a ba shi abinci a kwance. A zaunar da shi, ƙaramin cokali, kunu mai ɗan kauri don kada ya ƙware, ya ƙara zama rabin awa kafin ya kwanta. Wanda ba ya iya motsi, duk bayan awa biyu a juya shi, dare da rana, a duba diddige da kwankwaso da ƙugu ko fata ta fara ja, domin daga nan gyambon kwanciya ke somawa. In ruɗewarsa ta ƙaru farat ɗaya, mu kan zargi ciwon fitsari ko ƙarancin ruwa a jiki, mu ce a kira likita. Mu ba ma allura, ba ma rubuta magani. Kuma muna kula da alwala da lokutan salla ƙwarai, don na sha ganin tsohon da ya manta sunayen 'ya'yansa amma Fatiha na nan daram a bakinsa.

Shi ya sa raina ke ɓaci in an zo ciniki aka ce min, "Hajiya, ai zama kawai za ta yi da Baba, 'yar aikinmu ma rabin haka muke ba ta." Ga dillalai sun cika gari, su ɗauko yarinya daga ƙauye su ɗinka mata farar riga su ce nas ce. Na taɓa karɓar wani dattijo bayan irin su: an ɗaure masa ƙafa da zani a jikin gado wai don kada ya fita, bayansa ya ɓare. Wata huɗu muna wanke gyambon tare da nas kafin ya rufe. Yarinyar ba muguwa ba ce, ba wanda ya taɓa nuna mata komai.

Wasu iyalan kuma sai sun gama zagayen neman maganin sammu, ko an fara raɗe-raɗin maita a kan tsohuwa, sannan su neme mu. Nakan ce su fara kai ta asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a duba ta. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da shi a faɗin duniya, fiye da kashi 60 cikin ɗari kuma a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin samu suke.

Riƙe ƙwararru shi ne babbar wahalata. Da Ingila ta buɗe biza ga masu aikin jinya a 2022, uku daga cikin waɗanda na fi ji da su suka tafi. Ban ga laifinsu ba, na kuma sa musu albarka. A Maris na 2024 aka hana sababbin masu zuwa tafiya da iyali, a Yulin 2025 aka daina ɗauka daga waje. Amma tsohuwar da ɗaya daga cikin ukun da suka tafi ke jinya ta yi kusan mako tana kawar da kai daga cokali, don hannun da ta saba da shi ne kaɗai take yarda ya ba ta. Tun daga nan kowane gida mutum biyu nake sabar wa majinyaci, su riƙa karɓa-karɓa.

Kafin mu fara aiki ni da kaina nake zuwa gidan. In ga ɗaki da banɗaki, in sa a ɗauke tabarmar da za ta iya harɗe ƙafa, in zauna da babbar 'ya ko uwargida in tambayi sana'ar da Baba ya yi, da abincin da yake so, da wanda yake yawan kira idan dare ya yi.