Ƙanina da keken ɗinki

Yau ƙanina ya ɗinka wuyan riga shi kaɗai a shagonmu na Garwa, sai da na fita waje na share hawaye.

Shekara huɗu ke nan da ya fara jin muryoyi, ya bar lakwal. An yi ruƙiyya, an yi hayaƙi, daga baya muka kai shi asibiti a Marwa, likita ya ce sikizofireniya ce, wata cutar ƙwaƙwalwa da ke iya sa mutum jin muryoyin da babu su. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 1 cikin 300 ke fama da ita, kuma yawanci da ƙuruciya take kama mutum.

Magani ya kwantar da muryoyin, amma riƙe abu a kai ya gagara. In na ce masa auna, yanka, sannan ka goge, kafin ya ɗauki almakashi biyu sun zube. Na yi ta masa faɗa, ina cewa lalaci ne, Allah ya yafe mini. Ashe gaban ƙwaƙwalwa, wurin da ke riƙe magana na ɗan lokaci ya tsara aiki, shi ne ba ya aiki daidai, kuma ƙwayoyin maganin ba su cika taɓa wannan ba.

Sai na sake salo. Abu ɗaya rak, in kashe rediyo, in kama hannunsa mu maimaita har hannun ya haddace. Wata biyu muka yi a kan layi miƙaƙƙe kawai.

Ɗazu ya miƙo mini rigar ya ce, "Yaya, duba ko ta karkace." Ta ɗan karkace ta hagu. Ban warware ba.