Shirun da muka ɗauka taurin kai ne

'Yar yayata ce ke yi wa yaran gidanmu kitso. Duk ranar Juma'a da yamma za ka same ta a kan tabarma a tsakar gida, ƙannenta sun jeru, tana riƙe da tsinken kitso tana ba su labarin makaranta har sai kowa ya yi dariya. Shekararta 15 lokacin da wannan ya tsaya. Ba rana ɗaya ya tsaya ba. Da farko ta ce hannunta na ciwo, daga baya ta daina ba da uzuri ma, sai dai ta shige ɗaki ta juya wa ƙofa baya.

Abin da ya ɓatar da mu shi ne ba kuka take yi ba, faɗa take yi. Ƙaninta ya taɓa mata littafi, sai tsawa. Mahaifiyarta ta aike ta, sai ta zumɓura baki. Yaya ta ce min, "Balaga ce ke ɗibar ta, ki bar ni da ita." Ni ma haka na ɗauka, alhali ni malamar makaranta ce, shekara da shekaru ina cikin yara. Sannan ga ciwon kai kullum, ga ciwon ciki. Sau uku ana sayo mata maganin zazzaɓin cizon sauro a kemis, sau ɗaya na taifod. Ta rame, siket ɗin makarantarta sai da aka kama shi da fil. Kakarsu ta ce iska ce, aka yi ruƙiyya, aka kawo rubutu ta sha.

Ranar da idona ya buɗe, na kwana gidansu. Wajen ƙarfe uku na dare na farka na gan ta zaune a bakin katifa cikin duhu. Na ce, "'Yata, lafiya?" Ta daɗe ba ta amsa ba, sannan ta ce, "Inna, da babu ni da kowa ya huta." A hankali ta faɗa, kamar mai ba da labarin abin da ta gama yanke hukunci a kansa. Har yau idan na tuna muryar nan gabana sai ya faɗi.

Kai ta asibiti bai zo da sauƙi ba. Da na ambaci asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a nan Kaduna, Yaya ta rufe min baki da hannu. "Asibitin mahaukata? Idan maganar ta fita wa zai aure ta?" Ban ga laifinta ba, tsoron uwa ne, kuma mun san bakin mutane. Amma na gaya mata abin da na ji da kunnena cikin daren, washegari muka tafi.

Likitar ta fara da gwajin jini, domin ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo kan iya kawo kasala irin wannan. Sannan ta nemi mu fita, ta zauna da yarinyar su biyu. Da ta kira mu, ta ce ciwon damuwa ne, kuma a matasa sau da yawa yakan zo ne da saurin fushi da ciwon jiki, ba lallai da hawaye ba. Ta ce idan yaro ya yi sati biyu ko fiye ya daina jin daɗin abin da yake so a da, barcinsa da cin abincinsa sun canza, karatunsa ya ja baya, to a daina kiran abin iskanci, a duba shi. Ta kuma tambayi yarinyar kai tsaye ko ta taɓa tunanin kashe kanta. Na tsorata, na ɗauka tambayar za ta saka mata abin a rai. Ashe ba haka ba ne, tambayar ce ke ba yaro damar sauke abin da ya ɗauka shi kaɗai. Da muka koma gida, abin da muka fara yi shi ne kwashe fiya-fiya da duk wasu ƙwayoyin magani muka kulle.

Maganin farko magana ce. Tana ganin mai ba da shawara a asibitin, suna bin tunaninta ɗaya bayan ɗaya: wannan da kike cewa ba ki da amfani, mene ne hujjarsa? Aka ba ta aiki kaɗan-kaɗan, ta fita tsakar gida ta sha hantsi, ta ziyarci ƙawa ɗaya a sati. Da yake nata ya yi tsanani, aka haɗa mata da ƙwayar fluoxetine, aka gargaɗe mu cewa sai ya ɗauki makonni kafin a ga aikinsa, a sa mata ido sosai a farkon shansa, kuma kada a yanke shi don an ga ta warware. Addu'a kuwa ba wanda ya ce mu bari. Kaka ta ci gaba da tofinta, mu kuma muna zuwa asibiti ranar da aka ba mu.

Daga baya na ga alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya: ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 na fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, kuma fargaba da damuwa na cikin waɗanda suka fi yawa. Na lissafa da ajina mai yara sama da sittin. Akwai yaron da ba ya iya zama wuri ɗaya, na sha zane shi. Akwai yarinyar da cikinta ke murɗawa duk safiyar jarrabawa. Yanzu iyayensu nake kira, mu zauna. A 2023 Najeriya ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, wadda sunanta ma na mahaukata ne, amma likitocin ƙwaƙwalwar yara har yanzu sun yi mana kaɗan ƙwarai, kuma yawancin iyayen da nake magana da su kuɗin mota ma nauyi ne a kansu.

'Yar yayata dai tana samun sauƙi. Akwai ranakun da take tashi jikinta a mace, kuma ta koyi faɗa wa mahaifiyarta ba tare da an kira ta raguwa ba. Juma'ar da ta wuce na shiga gidan na tarar ƙaramarsu zaune tsakanin ƙafafunta, an tsaga kai gida biyu. Ta ɗago ta ce, "Inna, miƙo min man kitson nan."