Adadi uku a kamfani ɗaya

Na daɗe ina aiki a sashen kuɗi na wani kamfani mai sarrafa kaya, kuma akwai wani zama da har yau bai fita daga raina ba. Shugaban kamfanin ne ya tambaya: nawa za mu sayar a wata uku masu zuwa? Shugaban sashen sayarwa ya faɗi nasa adadin. Manajan masana'anta ya faɗi wani da bai kai wannan ba, don shi ya san iyakar injinansa. Ni kuma ina riƙe da na uku, wanda ke cikin kasafin da aka sa wa hannu tun ƙarshen shekarar da ta gabata. Babu maƙaryaci a cikinmu, kowa da takardarsa ta Excel da hujjarsa. Sai dai bisa adadin farko aka ɗauki sababbin ma'aikata, bisa na biyu aka sayo ɗanyen kaya, bisa na uku aka je banki neman rance.

Wannan ciwon ba namu ba ne mu kaɗai, kuma maganinsa ba sabo ba ne. Tun a shekarun 1980 Richard Ling, tare da kamfanin ba da shawara na Oliver Wight, ya fito da tsarin da ake kira S&OP: masu sayarwa da masu sarrafawa su zauna duk wata su daidaita abin da kasuwa ke nema da abin da za a iya samarwa. Amma lissafin na kwali ne da tan. Daga baya aka shigo da kuɗi, aka miƙa hangen zuwa wata 24 ko fiye, sunan ya koma IBP, wato tsari guda da ya haɗa dukan kamfani. A 2020 kamfanin bincike na Gartner ya fito da laƙabin xP&A, ma'ana lissafin sashen kuɗi ya ratsa har sashen ma'aikata da na talla da na sayayya.

Abin da ya sa aka ruga gare shi a 'yan shekarun nan a fili yake. Kasafin da aka rubuta a ƙarshen 2019 bai wuce watan Maris na 2020 da rai ba, korona ta gama da shi. A Maris na 2021 jirgin ruwan Ever Given ya toshe mashigin Suez har kwana shida, jigilar kaya ta tsaya. Kamfanonin manhaja da masu zuba jari ma sun ga kasuwa a manhajojin tsara kasafi da hasashe: Workday ya sayi Adaptive Insights a 2018 kan kusan dala biliyan ɗaya da rabi, kamfanin zuba jari na Thoma Bravo ya sayi Anaplan a 2022 kan fiye da dala biliyan 10.

To me ya sa sashen kuɗi ne ke jan ragama? Ni dai a ganina ba don mun fi kowa sani ba ne. Kowane sashe da ma'auninsa: wannan kwali, wancan awoyin aiki, wancan yawan ma'aikata. Kuɗi ne kaɗai ma'aunin da duka suke komawa gare shi. A ce sashen sayarwa ya shirya rangwame don jawo masu saye. Masana'anta sai ta ƙara aikin dare, a biya kuɗin ƙarin lokaci. Ɗanyen kaya sai an sayo shi wata biyu kafin nan. Manyan dillalai kuma ba za su biya ba sai bayan kwana sittin. Ciniki ya ƙaru, amma asusu ya bushe a tsakani. Wannan giɓin ba ya bayyana a takardar kowane sashe shi kaɗai, sai an jera su wuri guda.

Inda nake jin tsoro shi ne idan muka mayar da hasashe ya zama alkawari. Wata rana manajan masana'antarmu ya tare ni bayan taro ya ce, "Malam, in na faɗa maka gaskiyar abin da zan iya, gobe da ita za a ɗaure ni." Yana da gaskiya. Matuƙar ladan ƙarshen shekara na rataye da adadin da mutum ya faɗa, zai rage shi don ya samu sarari, kuma babu manhajar da za ta gano hakan. Jan Wallander, shugaban bankin Handelsbanken na Suwidin a lokacin, ya fahimci wannan tun a farkon shekarun 1970, lokacin da ya soke kasafin shekara-shekara a bankin, aka koma auna kowane reshe da takwarorinsa.

Mu ba mu kai ga soke kasafi ba. Abin da muka yi shi ne raba takardu biyu: buri daban, hasashe daban, kuma ba a hukunta kowa a kan na biyun. Duk wata muna zama, mu ƙara wa hasashen wata guda a gaba, mu fito da adadi ɗaya da kowa zai yi aiki da shi. A zama na huɗu ne manajan nan ya fara faɗin ainihin abin da injinansa ke iyawa, kuma ya ɗara abin da ya saba rubuta mana.