Awon ruwan famfo a ƙaramin gari, daga bakin rijiya zuwa randa

Garinmu irin ƙananan garuruwan Arewa ne da ba su da matatar ruwa. Rijiyar burtsatse ce, da injin sumo mai aiki da sola, da tankin sama, sai bututu da ya ratsa unguwanni zuwa famfunan bakin titi da na wasu gidaje. Ina cikin kwamitin da ke kula da wannan ruwa, kuma aikin da muka sa a gaba shi ne mu tabbatar ko abin da ke zuba daga kan famfo ya isa a ba yaro ya sha. Ido ba ya iya yanke wannan hukunci. Ruwa kan fito garau, ba wari, ba wani ɗanɗano, alhali yana ɗauke da ƙwayar cutar amai da gudawa ko ta taifot. A 2021 kaɗai hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta ƙirga mutum fiye da 100,000 da ake zaton kwalara ta kama a Najeriya, sama da 3,000 suka rasu, kuma Bauchi da Jigawa da Kano suna cikin jihohin da abin ya fi tsanani.

Kafin mu sayi ko da kwalbar gwaji ɗaya, da ƙafa muka fara. Mun bi bututun tun daga bakin rijiya har famfon ƙarshe, muna duba abin da ido zai iya gani. A bakin rijiya abu uku muka nema: ko daɓen siminti ya tsage, ko ruwa na kwanciya a gindin, da kuma nisan masai mafi kusa. Ƙa'idar da aka saba aiki da ita ita ce mita 30 tsakanin masai da rijiya, kuma masai ya kasance ta gangare. Inda ƙasa rairayi ce, ko ruwan ƙasa yana kusa, gara a ƙara. Wurin da wayar sumo ta shiga murfin rijiya ma a duba shi, domin ƙaramar kafa ce da ruwan sama kan bi ya gangara ciki, kuma ba kasafai ake tunawa da ita ba.

Babbar matsalar ba a nan muka same ta ba. A cikin gari take. Masu jan ruwa zuwa gida sun fi son bin kwata, saboda ba sai an yi haƙa ba, sai ka ga siririn bututun roba kwance a cikin lambatu, an ɗaure mahaɗarsa da tsohuwar robar tayar babur. Muddin akwai ruwa da ƙarfi a layin, yoyon waje yake yi, asarar ruwa ce kawai. Amma ruwan ƙaramin gari ba ya wuni yana zuwa. Da zarar an rufe bawul ko tanki ya ƙare, ruwan da ya rage a bututu sai ya gangara zuwa unguwannin ƙasa, ya bar iska mai zuƙa a bayansa. Ta wannan kafar da ɗazu ruwa ke fita, yanzu ruwan kwata ne ke shiga. Washegari idan aka buɗe, shi ne zai fara isa bokitin mutane. Gidajen da suka ɗaura injin jan ruwa kai tsaye a kan babban layi suna ƙara wa abin muni, don injin yana zuƙa ne ko da ruwa ko babu. Wanda ke son injin, ya tara ruwan a tankin ƙasa tukuna, sannan ya ja daga nan.

Kayan awon da muka yi aiki da su ba su da yawa. Akwai ɗan akwatin roba mai gidaje biyu, irin wanda ake gwada ruwan wurin ninƙaya da shi, da ƙwayoyin DPD 1 na auna kulorin (maganin da ake zubawa don kashe ƙwayoyin cuta) da ya rage a ruwa, da ƙwayoyin auna pH, wato ma'aunin tsamin ruwa. Ana ɗauraye akwatin da ruwan da za a gwada sau uku, a cika, a jefa ƙwaya ba tare da yatsa ya taɓa ta ba, a rufe a girgiza, a kwatanta launin ruwan hoda da ya fito da ma'aunin da ke jiki, cikin hasken rana amma ba a fuskantar ranar ba. A karanta nan take, don in ya jima launin yana ƙara duhu ya ba da lissafin ƙarya. Wani abin lura: idan kulorin ya yi yawa ƙwarai, launin kan fito ya ɓace nan da nan, mai awo ya zaci babu komai ya sake ƙarawa. In ruwa yana warin kulorin amma akwati ya nuna fari, a tsarma shi da ruwan da ba kulorin a sake gwadawa.

Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shata shi ne, bayan minti 30 da zuba kulorin ya rage aƙalla miligiram 0.5 a kowace lita, pH kuma ƙasa da 8, sannan a famfon da mutum zai ɗiba kada kulorin ya gaza 0.2. Najeriya ma tana da nata ma'aunin ruwan sha, NIS 554, wanda hukumar kula da ingancin kayayyaki, SON, ta fitar a 2007 aka sabunta shi a 2015.

Nawa za a zuba? Ba a ƙiyasta wannan da ido, kuma ba a aron adadin wani gari, domin kowane ruwa da irin kulorin da yake cinyewa. Garin kulorin da ake kira HTH yana da ƙarfin kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari. Mukan auna giram 15, kusan babban cokali ɗaya shafe, mu zuba a lita ɗaya ta ruwa cikin mazubin roba, mu dama, mu bari farin gari ya kwanta, mu tsiyaye na saman. Wannan shi ne uwar haɗi mai ƙarfin kashi 1 cikin ɗari. Garin ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa a kan gari ba, kuma ba a yi a mazubin ƙarfe. Daga nan sai a jera bokiti huɗu masu lita 20, a cika su da ruwan rijiyar, a ɗauki sirinji a sa mililita 1 a na farko, 1.5 a na biyu, 2 a na uku, 2.5 a na huɗu. A motsa, a jira minti 30, a auna kowanne. Bokitin farko da ya nuna 0.5 shi ne ma'auninka. A ce na uku ne: mililita 2 ga lita 20 ke nan, wato tanki mai lita 20,000 zai ci lita 2 na uwar haɗi, giram 30 na gari. Mukan maimaita gwajin bokiti idan damina ta sauka, don ruwan kan sauya.

Mintin 30 ɗin nan shi ne inda tsarin sola ke ba da wahala. Injin yana cika tanki da rana, a daidai lokacin da mutane ke ɗiba, sai ruwa ya shiga ta sama ya fita ta ƙasa kulorin bai gama aikinsa ba. Abin da ya yi mana aiki shi ne rufe bawul ɗin fita, a zuba haɗin yayin da ruwa ke shiga don ya gauraya da kansa, a bar tanki ya cika, a jira, sannan a saki. Wannan yana nufin a tsayar wa gari lokacin sakin ruwa kuma a sanar a masallatai da wajen mai unguwa, in ba haka ba wani zai hau ya buɗe.

Da muka fara zuba kulorin muna aunawa, a gindin tanki launi ya fito yadda ake so. A tsakiyar gari ya dusashe. A famfon ƙarshe, bayan layin ya ratsa kwatoci, babu ko alama. Wannan shi ne darasin da ya fi kowanne a wurina: awon gindin tanki ba ya gaya maka abin da mutane ke sha, famfon ƙarshe ne ke faɗa. Kuma idan kulorin ya ɓace a hanya, maganin ba ƙara gari a tanki ba ne. In aka yi haka, na kusa da tanki za su ji ɗaci da wari su koma rijiyar gida ko ta bakin rafi, na ƙarshen layi kuma ba abin da ya sauya musu. Sai a bi layin famfo bayan famfo ana aunawa. Inda launin ya faɗi kwatsam, tsakanin nan da famfon baya akwai fashewa ko mahaɗa a cikin ƙazanta. Da haka muka gano wuraren da za a tono. Mun ɗage bututun daga kwata, inda dole ya tsallaka ta muka zura shi cikin wani bututun da ya fi shi faɗi, muka cire ɗaurin roba muka sa soket da gam na bututu, muka binne layin yadda ƙafar shanu da tayar kura ba za su fasa shi ba. Bayan kowane gyara akan buɗe famfunan gaba a bar ruwa ya zuba har sai awo ya nuna kulorin. Mun kuma roƙi mata da 'yan garuwa su riƙa barin ruwan farko na safe ya wuce, ko su tara shi don wanki.

Tanki kansa yana buƙatar wanki, mu duk wata shida muke yi. A zubar da ruwan, a kankare laka da gansakuka da burushi, a ɗauraye, sannan a zuba giram 80 na HTH ga kowace lita 1,000, a cika a bar shi awa 24. Wannan ruwan ba na sha ba ne, zubar da shi ake yi nesa da shuka da kududdufin kifi. Mai shiga ciki kada ya shiga shi kaɗai. Murfi ya rufu ruf, bututun ambaliya kuma a ɗaure bakinsa da raga, don ta nan ƙadangare da tsuntsu ke shiga su mutu a ciki.

Ƙorafin launi yana zuwa kullum, kuma mafi yawansa ana gane shi da kofin gilashi. Ruwan da ya fito fari kamar madara, ya washe daga ƙasa zuwa sama cikin 'yan mintuna, iska ce kawai. Wanda ya fito garau amma ya kwana ya zama ja, sinadarin ƙarfe ne daga ƙasa, yana ɓata farin kaya da ɗanɗanon shayi da zarar ya wuce miligiram 0.3 a lita, yana kuma cinye kulorin. Ja tun daga fitowa da safe kawai, tsatsar tsohon bututun ƙarfe ce. Mai laka bayan ruwan sama kuwa shi ne abin tsoro, alama ce ruwan waje ya samu hanya. Kulorin ba ya aiki sosai a ruwa mai dauɗa, don ƙwayoyin cuta na ɓuya a jikin laka. Inda babu na'ura, a jefa kwabo mai duhu a ƙasan dogon mazubi ana ƙara ruwa. In ya ɓace kafin zurfin santimita 50, ruwan yana bukatar a kwantar da shi da alam ko a tace kafin kulorin.

Akwai kwalaben gwaji da ke komawa baƙi cikin kwana ɗaya zuwa biyu idan ruwa ya haɗu da bayan gida. Suna da amfani wajen nuna wa jama'a abin da ido ba ya gani, amma ba su maye gurbin ɗakin gwaji ba. Can za a nemi ƙwayar E. coli, mai nuna cewa bayan gida ya shiga ruwa, wadda ƙa'ida ta ce kada a samu ko ɗaya a mililita 100. A karɓo kwalba daga ɗakin gwajin, a gaya musu ruwan yana da kulorin don su sa maganin da ke kashe ƙarfinsa, a cire duk robar da ke bakin famfo, a ƙona bakin in na ƙarfe ne, a bar ruwa ya zuba minti biyu, a cika ba tare da taɓa cikin murfi ba, a sa a kula mai ƙanƙara, ya isa cikin awa shida. Hukumar samar da ruwa da tsafta a karkara ta jiha, RUWASSA, ko sashen tsaftar muhalli na ƙaramar hukuma za su nuna inda ake kaiwa.

Ina matsa wa duk wani kwamiti ya biya kuɗin gwajin sinadarai tun ranar da aka haƙa rijiya, saboda abin da ya faru a Tibirin Gobir, kusa da Maraɗi. Daga tsakiyar shekarun 1980 har wajen 2000 mutanen garin suna shan ruwan famfo daga rijiya mai zurfi, ruwa mai kyan gani, amma sinadarin fuloraid ɗin da ke cikinsa ya ninka ƙa'idar miligiram 1.5 a lita kusan sau uku ko fiye. Haƙoran yara suka rine, ɗaruruwa ƙasusuwansu suka lanƙwashe. Kulorin ba ya cire fuloraid, tafasawa ma ba ta cire shi. Haka sinadarin naitiret, wanda ke zuwa daga masai da takin zamani, iyakarsa miligiram 50 a lita, kuma jariran da ake dama wa madarar gwangwani ya fi yi wa illa. Tafasa irin wannan ruwa ƙara masa ƙarfi take yi, don ruwa ne ke tafiya a tururi, sinadarin yana nan. A garuruwan da ake haƙar zinare da sarrafa shi a cikin gida, a ƙara da gwajin gubar dalma.

Ko an gyara layi duka, ruwa yana iya lalacewa a mataki na ƙarshe. Mun gwada ruwan jarkokin 'yan garuwa da na randunan gidaje, sau da yawa kulorin ya riga ya ƙare, musamman a jarkar da cikinta ya yi kore. Randa mai faɗin baki da kowa ke tsoma moɗa da hannu ita ce ta fi saurin gurɓata. A rufe ta, a ware moɗa mai dogon hannu a rataye, kofin sha daban, a wanke randar kafin a zuba sabon ruwa a kan tsoho. Ranar da famfo bai zo ba aka sayi na kura, ƙwayar kulorin ta Aquatabs mai miligiram 67 tana isar jarka mai lita 20 idan ruwan garau ne, a jira minti 30. In babu, a tafasa har ya yi ta ɓararraka na minti ɗaya cur.

Mai kula da tanki yana da littafi, kullum yana rubuta giram nawa ya zuba, ƙarfe nawa ya saki ruwa, da abin da akwati ya nuna a gindin tanki, a tsakiyar gari da famfon ƙarshe. Uwar haɗi ba ma barinta ta wuce mako, don zafi da haske suna rage mata ƙarfi. Garin HTH kuwa a rufe yake a inuwa, wuri busasshe, nesa da fetur, gas na janareta, baƙin mai da takin zamani, domin haɗuwarsu tana tayar da gobara, kuma ba a buɗe robar sai da safar hannu, fuska a kauce daga bakinta.