Wayar gyaran haƙori mai maɓallin tangaran: lissafin mutumin karkara kafin a manna masa

Duk wanda likita ya ce masa haƙoransa sai an sa musu waya, abin da ke fara faɗo masa a rai shi ne yadda zai shiga jama'a da baki cike da ƙarfe. A cikin birnin Kano an fara sabawa da ganinta. A Ringim ko Sumaila kuwa, ranar kasuwa sai an tsaya an kalle ka. Shi ya sa 'yan mata masu shirin aure da malaman makaranta suka fi tambayar "wadda ba a gani". Akwai ta, ita ce mai maɓallin tangaran, tana kuma gyara haƙori kamar yadda ta ƙarfe ke yi, sai dai tana da laulayi, kuma laulayin nan ya fi damun wanda gidansa ke nesa da asibiti.

Abubuwa uku ne ke cikin baki: ɗan maɓalli da ake manna wa kowane haƙori, waya da ke ratsa tsagar maɓallan daga wannan gefe zuwa wancan, da 'yar roba da ke ɗaure wayar a jikin maɓalli. Maɓallin kaɗai ne ya bambanta. Maimakon baƙin ƙarfe, ana yin sa da tangaran na wani sinadari mai tauri da ake kira alumina, wanda ya shigo aikin haƙori a shekarun 1980. Iri biyu ne: wani fari-fari ne mai kama da launin haƙori, wani kuma garau yake kamar gilashi. Wayar dai ta ƙarfe ce, ana hango ta idan aka matso. Akwai mai farin shafe, amma shafen kan ɓare cikin 'yan makonni. Wanda haƙoransa suka rine da goro ko taba ya sani cewa farin maɓalli a kan jan haƙori ya fi fitowa fili, don haka a fara wanke haƙoran a asibiti kafin a zaɓi launi.

Haƙori ba a kafe yake cikin ƙashi kamar ƙusa ba. Tsakanin saiwarsa da ƙashin muƙamuƙi akwai siririn nama mai zare-zare. Idan waya ta matsa shi a hankali ba tare da sassautawa ba, ƙashin da ke gabansa yana narkewa kaɗan-kaɗan, sabo kuma yana ginuwa a bayansa. Tafiyar ba ta cika wuce milimita 1 a wata ba. Shi ya sa aikin ke ɗaukar shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, wani lokaci har uku idan cunkoson ya yi yawa. Masu roƙon likita ya "ƙara ɗaurewa" don a gama kafin biki suna neman abin da zai cuce su ne: matsi mai yawa yana toshe jinin da ke ciyar da wurin, tafiyar ta tsaya, saiwar ma ta iya gajercewa.

Kafin a manna komai ana ɗaukar hoton ƙashi, yawanci biyu: mai nuna dukkan haƙora da saiwoyinsu a shimfiɗe, da na gefen kai mai nuna yadda muƙamuƙin sama da na ƙasa suka zauna. Sai a ɗauki samfurin baki da wani kwaɓi mai laushi, ko da na'ura. Duk haƙorin da ya yi kogo sai an cike shi, dasashin da ke jini sai ya warke, domin jan haƙori a cikin dasashi mai ciwo yana cinye ƙashi. Idan wuri ya yi kaɗan, kamar mai haure da fiƙarsa ta hau kan wasu, akan cire ƙananan turame biyu ko huɗu na bayan fiƙa don a samu fili. Lokacin da ya fi sauƙi shi ne shekara 11 zuwa 14, bayan haƙoran nono sun gama faɗuwa, amma ana yi wa babba ma, sai dai nasa ya fi jinkiri. Mai wushirya kuma ta faɗa tun ranar farko in tana son a bar ta. Littattafan Turawa suna lissafa ta cikin abin gyara, mu kuma ado ce a wurinmu, kuma likita zai iya tsara aikin ya bar ta.

Ranar mannawa ba a yin allura, ba a kuma huda haƙori. Ana goge shi, a busar, a shafa masa wani asid mai ƙarfin kashi 37 cikin ɗari na daƙiƙa 15 zuwa 30 don samansa ya yi kaushi, a wanke, a sake busarwa har ya yi fari kamar alli. Sai a shafa ruwan gam, a ɗora maɓalli da gam a bayansa, a daidaita shi a tsakiyar haƙori, a share wanda ya ɓullo ta gefe, a haska shuɗiyar fitila ya daskare. Miyau ne babban abokin gaba a nan. Ɗigo ɗaya ya taɓa wurin kafin gam ya kama, maɓallin zai iya faɗuwa, shi ya sa ake cika baki da auduga da abin zuƙar miyau. Aikin kan ci awa ɗaya zuwa biyu. Wayar farko siririya ce ta haɗin ƙarafan nikel da titaniyam, mai kaurin inci 0.012 ko 0.014, wadda duk yadda aka lanƙwasa ta sai ta nemi komawa siffarta, tana jan haƙoran tare da ita. Daga baya ake hawa zuwa masu kauri, har a kai mai kusurwa huɗu ta baƙin ƙarfe, wadda ke juya saiwa.

Ciwo yana farawa da dare ranar farko, ya yi tsanani washegari, ya lafa cikin kwana uku zuwa mako. Farasitamol ya isa. Kunu, koko, fate, alale da tuwo mai laushi su ne abincin makon.

Abin da aka fi kuka da shi shi ne rini, kuma yawanci ba tangaran ɗin ke rinewa ba. 'Yar robar ɗauri ce. Farar roba tana shan launi kamar tsumma: miyar manja, kori, zoɓo, baƙin shayi, kofi, taba, uwa uba goro da fure. Kwana biyu bayan an sa sabuwa, an ci shinkafa da miyar manja, sai ka ga layin rawaya a gaban baki, wanda ya fi ƙarfen da aka guje wa muni. Ba buroshin da zai fitar da shi. Maganinsa sai ranar komawa asibiti, inda ake canza robobin gaba ɗaya. Ana iya roƙon roba mai launin toka-toka, wadda ba ta nuna rini sosai, ko a ɗaure da siririyar waya mai farin shafe. Akwai kuma maɓallai masu ɗan murfi da ke riƙe waya ba roba, amma sun fi tsada.

Na biyu shi ne karyewa. Tangaran yana da tauri amma ba ya lanƙwasa. Maɓallin ƙarfe idan ya sha duka sai ya lotsa ko ya ɓalle ɗungurungum, a mayar. Na tangaran kuwa kunnensa ke tsagewa, robar ta rasa inda za ta kama, sai an kankare ragowar an sa sabo. Abubuwan da ke fasa shi kuma su ne abin taɓawarmu na kullum: rake, goruba, aya, ƙuli-ƙuli, gasasshiyar masara, busasshen dabino, kilishi, tauna ƙashi bayan an cinye nama, ɓare gyaɗa da haƙori. Rake da goruba a haƙura da su har a gama. Masara a ɓarza ta da hannu, nama a yanka ƙanana a tauna da turame, mangwaro a yanka da wuƙa. Dattijon da ba ya rabuwa da goro, gaskiya tangaran ba nasa ba ne.

Akwai matsalar da ba a cika faɗa wa mutane ba. Alumina ta fi ɓawon haƙori tauri. Idan haƙoran sama suna saukowa su rufe na ƙasa sosai, gefensu zai riƙa goga a kan maɓallan ƙasa duk lokacin da aka rufe baki, ya cinye kamar an sa masa dutsen wasa, kuma ɓawon da ya tafi ba ya dawowa. Saboda haka likitoci da dama suke sa tangaran a haƙoran sama na gaba, waɗanda murmushi ke nunawa, su sa ƙarfe a ƙasa. A ganinmu wannan shi ne zaɓin da ya fi dacewa da yawancin mutane: leɓe yana rufe na ƙasan, kuɗin ya ragu, abin da zai karye ma ya ragu. Waya kuma ba ta zamewa cikin tsagar tangaran da sauƙi kamar cikin ta ƙarfe, don haka inda aka cire haƙori ana rufe giɓi, aikin kan ɗan ja.

Sai lissafin hanya. Ana komawa duk mako 4 zuwa 6, wato kusan zuwa 20 a shekara biyu, ban da na gaggawa. Ƙwararrun wannan fanni ba su da yawa, kuma a manyan birane suke. Mutumin Gumel, Haɗeja, Kazaure ko Tudun Wada yawanci Kano zai nufa, Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko wani asibitin haƙori mai zaman kansa. A ninka kuɗin mota da 20, a haɗa da yinin da za a rasa a gona ko a shago, a tuna da damina lokacin da hanya ke yankewa da kuma kaka lokacin da ba a iya barin aiki. Maɓalli ɗaya da ya faɗi aka bar shi wata biyu yana nufin haƙorin ya koma baya, na kusa da shi kuma sun tafi inda ba a so. A tambaya tun farko: kuɗin da aka yanka ya haɗa da sauya maɓallin da ya karye? Ya haɗa da abin riƙe haƙori na ƙarshe? Ana biya kashi-kashi? Tangaran ya fi ƙarfe tsada a ko'ina.

Tsabta ba ta da sassauci. Dattin da ya kwana a gefen maɓalli yana fitar da tsami mai cin ɓawon haƙori, ranar da aka cire sai a ga farin tabo ya zagaye inda maɓallin yake, kamar an zana akwati. A goge da buroshi mai laushi da man da ke da fuloraid, safe da dare aƙalla, minti biyu ko fiye, ana karkata buroshin sama da waya sannan ƙasa da ita. Ɗan ƙaramin buroshin nan mai kama da na wanke kwalba shi ke shiga ƙarƙashin waya. Aswaki yana da amfani a bayan haƙora da saman turame, amma kada a tauna kansa da haƙoran gaba, kuma zarensa kan maƙale a maɓalli. Kurkure bakin alwala sau biyar yana taimakawa ƙwarai, sai dai ba ya maye gurbin buroshi. Da azumi baki kan bushe, don haka gogewar bayan sahur ba ta tsallakuwa. Lemon kwalba da shayi mai sukari ana kurɓa duk yini su ne suka fi kawo tabon.

Idan bakin waya ya fito yana sukar kunci, a mulmula ɗan kakin da asibiti ke bayarwa a rufe shi, a kurkure da ruwan gishiri mai ɗumi, rabin ƙaramin cokali a kofi. Maɓallin da ya saki yana yawo a kan waya a bar shi a wurin, in ya fito a adana shi a kira asibiti. Kada a kusanto da gam ɗin kanti. Haka kuma wayar ado da ake tallatawa a Facebook da TikTok, wadda ake manna wa mutum a shago: tana jan haƙori kamar ta gaske amma ba tsari ba hoton ƙashi, ta kan bar haƙora suna girgiɗi. Mai rajista da Hukumar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya kaɗai ya kamata ya taɓa wannan aiki.

Cire tangaran ya fi cire ƙarfe wuya, domin yana kama gam da ƙarfi kuma yana iya tarwatsewa a hannun likita. Akwai filaya ta musamman, ragowar gam kuma a goge da inji a hankali don kada ɓawo ya tsage. A ranar ko cikin kwanaki kaɗan ake ba da abin riƙewa: ko farar roba da ake kifawa a kan haƙora, ko siririyar waya da ake mannawa ta bayansu. Ƙashin da ya ginu bai gama ƙwari ba, haƙoran kuma suna neman tsohon mazauninsu, musamman a watannin farko. Akan ce a sa robar dare da rana na ɗan lokaci, sannan a koma dare kaɗai shekara da shekaru. A wanke ta da ruwan sanyi, domin ruwan zafi ko barin ta a taga lokacin bazara yana lanƙwasa ta, kuma a ajiye ta cikin akwatinta, ba a ƙulle a gefen zani ko cikin aljihu ba.