Baƙin zanen Malevich da abin da juyin juya halin Rasha ya yi wa masu zane

Ranar da na fara cin karo da zanen nan a waya na ɗauka data ce ta ƙare hoton bai buɗe ba. Baƙi ne kawai mai kusurwa huɗu a tsakiyar fari, ba mutum ba bishiya ba komai. Sai da na ƙara girmansa na ga ashe fenti ne, har ya tsattsage kamar ƙasar fadama in rani ya yi nisa, ta cikin tsagar ma ana hango wasu kaloli a ƙasa. Tun daga ranar nake bibiyar labarin mai shi, kuma wallahi labarin ya tsaya min a rai har yau.

Sunansa Kazimir Malevich, an haife shi a 1879 a wajen Kiev. A watan Disambar 1915, ana tsakiyar yaƙin duniya na ɗaya, ya fito da wannan baƙin murabba'in a wani baje kolin zane a Petrograd, babban birnin Rasha na lokacin. To inda ya rataye shi ne ya fi tayar da ƙura. A gidajen Kiristocin Rasha akwai wata kusurwar ɗaki can sama da ake rataye hotunan addini, duk wanda ya shigo ita yake fara fuskanta, shi kuwa sai ya ɗauki baƙin zanensa ya maƙala a daidai wannan kusurwar. Abin da yake nufi shi ne zamanin kwaikwayon fuskar mutum da saniya da gona a allo ya wuce, a koma sifili a sake sabon lale, kala da siffa su tsaya da ƙafarsu.

Ba a cika shekara biyu ba ƙasar kanta ta koma sifilin. A 1917 Sarki Nicholas na biyu ya sauka daga gadon mulki, kafin shekarar ta ƙare Lenin da 'yan gurguzunsa na Bolshevik sun karɓe gwamnati, sai yaƙin basasa ya biyo baya, ga yunwa ga sanyi. Manyan masu zane na da, waɗanda fada da attajirai ke saye a hannunsu, da yawa sun ja baya wasu sun tsere, sai ya zama waɗannan matasan da ake yi wa kallon mahaukata su ne suka amsa kira, Lunacharsky mai kula da ilimi ya raba musu muƙamai da makarantu. Kuma fa da gaske suke, ba neman na tuwo kawai ya kai su ba. Yawancin mutanen ƙauye a lokacin ba su iya karatu ba, dole saƙo ya je ta hoto, sai aka riƙa yi wa taragon jirgin ƙasa fenti daga kai har gindi a tura shi ƙauyuka da fostoci da majigi. Mayakovsky mawaƙi ne amma ya zauna yana zana fostoci da 'yan baitoci a ƙasa, ana liƙawa a tagogin shagunan da babu komai a cikinsu saboda kaya sun ƙare. Wani mai zane Tatlin ya tsara hasumiyar ƙarfe da gilashi mai tsawon mita 400, wadda za ta fi ta Eiffel da ke Paris, da ɗakuna masu juyawa, wani sau ɗaya a shekara wani a wata wani a rana, a ƙasar da ƙusa ma wuyar samu take, a ƙarshe dai samfurin katako kawai aka iya yi. Wadda ta fi burge ni cikinsu Lyubov Popova ce, ta ajiye zanen allo ta shiga masaƙa a Mosko tana tsara adon yadi, don matar da ba za ta taɓa shiga gidan baje koli ba ta samu ta ɗinka ta sa a jikinta. Duk mai son atamfa zai gane wannan tunanin. Ta rasu a 1924 tana da shekara 35 kacal.

Amma inda na fi daɗewa ina juya abin a raina shi ne Vitebsk, wani gari da yanzu yake cikin Belarus. Mai zane Marc Chagall ɗan garin ne, Bayahude, a 1918 aka ba shi kula da harkar zane a yankin, ya buɗe makaranta ya tara 'ya'yan talakawa. Da aka zo bikin cikar juyin juya hali shekara ɗaya ya tattaro masu fentin gidaje suka cika gari da korayen shanu da dawakai masu tashi sama, shi da kansa ya ba da labarin cewa jami'ai sun tambaye shi me ya sa saniya ta zama koriya kuma mene ne haɗinta da Marx da Lenin. A ƙarshen 1919 Malevich ya iso makarantar, mutum ne mai baki, in yana magana kamar mai wa'azi, kafin ka ce kwabo ɗalibai sun koma ajinsa, suka kafa ƙungiya suna ɗinka ɗan baƙin murabba'i a hannun riga, suna cewa zanen Chagall tsohon yayi ne. A 1920 Chagall ya tattara ya bar garinsu da makarantar da ya kafa da hannunsa, bayan shekara biyu ya bar ƙasar gaba ɗaya.

Ni dai a nan ina bayan Chagall, duk da son da nake wa Malevich. Su Malevich ne suka fara cewa hanya ɗaya ce tal ta yin zane a sabuwar ƙasa, wanda bai bi ba ya matsa. Da Stalin, wanda ya gaji Lenin, ya kama ƙasa sosai shi ma abin da ya ce ke nan, sai dai nasa da bindiga a baya. A 1932 aka rushe duk ƙungiyoyin masu zane da marubuta aka ce kowa ya shigo inuwar gwamnati, a 1934 aka ayyana salon da aka yarda da shi, wato a zana manomi yana murmushi, ma'aikaci mai ƙwanji, shugaba a tsakiya, alhali ba a daɗe da binne miliyoyin da yunwa ta kashe a ƙauyukan ba. Mayakovsky ya harbe kansa a 1930. Gustav Klutsis da ya yi wa Stalin fostoci masu yawa an harbe shi a 1938. Vera Ermolaeva, matar da ta riƙe makarantar Vitebsk bayan Chagall, da sanduna take tafiya saboda lalurar ƙafa, ita ma ba a ƙyale ta ba, an kama ta a 1934 aka harbe ta a 1937 a sansanin fursuna na Karaganda. Wannan matar kam duk sanda na tuna ta sai jikina ya yi sanyi.

Shi Malevich kamar ya hango abin, don a 1927 da ya je Jamus baje koli ya baro zanukansa masu yawa a can, shi ya sa yau ake ganin da dama a Amsterdam. A 1930 aka kama shi a Leningrad, wato Petrograd ta da, bisa zargin leƙen asiri, ya yi sama da wata biyu a tsare. Daga baya ya koma zana mutane da fuska da hannu irin yadda ake so, har hoton kansa ya zana a 1933 cikin kayan mutanen da, amma in ka duba ƙasa a kusurwa inda ake sa hannu ba sunansa za ka gani ba, ɗan ƙaramin baƙin murabba'i ne. Na fi minti goma ina kallon wannan ɗan ɗigon a waya.

Ciwon daji ya kashe shi a watan Mayun 1935. Ɗalibansa suka rataye baƙin zanen a saman gawarsa, suka sa wani a gaban motar da ta ɗauke shi, aka kai shi Mosko a jirgin ƙasa aka ƙone gawar, aka binne tokar a gindin wata babbar bishiya a Nemchinovka inda yake son zuwa hutu, aka ajiye farin akwatin katako mai baƙin murabba'i a kai. Lokacin yaƙin duniya na biyu bishiyar da akwatin duk suka ɓace, wurin ya koma gona. Ainihin zanen na 1915 yana nan a gidan adana zane na Tretyakov a Mosko, mutane na bin layi suna ɗaukarsa a waya. Kabarin kuwa, da masu bincike suka gano wurin, a 2013 labari ya fito cewa an riga an gina rukunin gidajen bene a kansa.